Ɗaura Yadin Lilo a Sandar Rawa ta Gida: Ina Haɗarin Yake?

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka garƙame wuraren motsa jiki a Turai da Amurka, falo da ɗakin kwana suka zama filin atisaye a gidaje da yawa. Cikin kayan da suka shigo gida har da sandar rawa, doguwar sandar ƙarfe mai sulɓi da ake kafawa daga daɓe zuwa rufi, a hau ta, a yi juyi a jikinta. Wadda ta riga ta mallaki sandar, ta kuma ga bidiyon masu lilo da dogon yadi a Instagram ko TikTok, nan da nan tambaya kan zo mata: tunda sandar nan tana ɗaukar nauyina kullum ko gezau ba ta yi, me zai hana in ɗaura yadi a samanta, in huta da fasa rufi da biyan injiniya?

Amsa biyu take samu, kuma karo suke da juna. Malaman wasan sama da gwanayen ɗaurin kayan lilo suna cewa kada ma a kuskura. A gefe guda kuma ga kamfanonin ƙera sandar suna sayar da maƙalin da aka yi musamman don rataya yadi a jikinta, ga azuzuwa ana koyar da wasan. Ruɗanin ya samo asali ne daga kiran wasanni biyu da suna ɗaya, da kuma ɗaukar sanduna iri uku kamar abu guda.

Wasanni biyu da aka gwama

Yadin lilo dogon yadi ne da ake ninkawa biyu, a rataye shi ta tsakiya daga sama, jelarsa biyu su sauko ƙasa. Turawa suna kiransa siliki, amma galibi saƙar nailan ce ko foliyesta mai ɗan miƙewa. Ɗan wasa yana hawa, ya nannaɗe ƙugu da cinya da ƙafa, ya yi siffofi a sama, sannan ya saki jiki ya gangaro yadin yana warwarewa har ɗaurin ƙarshe ya cafke shi. Wannan faɗowar ganganci ita ce ƙawar wasan. Gidansa na asali sarkas ne, wato babban dandalin wasannin bajinta da akan yi yawo da shi gari-gari. Kamfanin Cirque du Soleil, wanda aka kafa a lardin Kebek na Kanada a 1984, shi ya fi yayata shi, musamman da wasansa Quidam na 1996, kuma sunan mai horarwarsa André Simard ne aka fi dangantawa da bunƙasa fasahar.

Sandar rawa hanyarta daban. A ƙasashen Yamma an daɗe ana danganta ta da gidajen rawar dare, kuma har yau wannan tabon bai gama gogewa ba, ko da yake hawan sanda don bajinta tsohon abu ne a sarkas ɗin Sin da wasan mallakhamb na Indiya. A 2009 aka kafa ƙungiyar wasan sanda ta duniya, IPSF, a 2012 ta yi gasar duniya ta farko a Landan, a 2017 kuma babbar ƙungiyar hukumomin wasanni ta duniya ta ba ta kujerar 'yar kallo.

Daga haɗuwar waɗannan biyu aka samu na uku: wasan yadi a jikin sanda. A nan yadin mataimaki ne. 'Yar wasa tana manne da sandar ko dab da ita, tana jingina da yadin don ta daɗe a wata siffa ko ta sassauta wa hannuwanta. Babu nisan lilo, babu faɗowar ganganci. Kamfanin X-Pole na Ingila yana sayar da maƙali mai suna Silkii don wannan wasan. Idan kamfani ya ce ana iya sa yadi a sanda, wannan na ukun yake nufi. Idan malamin sarkas ya ce ba a yi, na farkon yake nufi. Mai saye kuwa sau da yawa na farkon ta gani a bidiyo, na ukun aka sayar mata.

Me ke riƙe da sandar?

Wadda ta fi yawa a gidajen haya ita ce sandar matsi. Babu ƙusa ko noti ko ɗaya da ya haɗa ta da ginin. Tana da faifai a ƙasa da wani faffaɗan faifai mai roba a sama, ana murɗa wani sashe nata tana ƙara tsawo har ta tokare daɓe da rufi. Tokarewar nan da kamun robar su kaɗai ke riƙe da ita. Shi ya sa ake son ta: a kafa da safe, a kwance da yamma, mai gida bai ga rami a rufinsa ba.

Ta biyu ita ce ta dindindin, wadda ake ɗaure kanta da notuna a jikin babban katakon rufi ko kankare. Ta uku sandar dandamali ce, irin X-Stage, da ke tsaye a kan faffaɗan gindi mai nauyi, kanta bai taɓa komai ba. Dukkansu kaurinsu kusan ɗaya ne, milimita 40 zuwa 50, kuma a hoto ba a bambanta ta matsi da ta dindindin. Wannan ma yana cikin abin da ke yaudarar mai kallon bidiyo: ba ta ganin notunan da ke saman sandar malamar da take kwaikwayo.

Nauyin jiki da ƙarfin fizga

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a hau sikeli, a ga kilo 60, a duba takardar sanda a ga tana ɗaukar fiye da haka, a ce magana ta ƙare. Kilo 60 nauyin mutum ne yana rataye shiru. Da ya motsa, lissafi ya sauya. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san igiyar da ke ɗago cikakken guga a hankali ita ce ke tsinkewa ranar da gugan ya kuɓuce aka cafke shi a tsakiyar hanya.

An auna wannan a zahiri. A 2017 wasu masu bincike uku a Montreal, Marion Cossin da Annie Ross da Frédérick Gosselin, suka wallafa sakamakon awon da suka yi da 'yan wasan makarantar sarkas ta birnin. Sun sa na'urar awo a maɗaurin sama, 'yan wasa suka yi abin da suka saba a kan yadi da igiya da zobe da sauran kayan lilo. Fizga mafi ƙarfi da na'urar ta nuna ita ce kilonyutan 5.3, ninki 7.9 na nauyin ɗan wasan. Kilonyutan ma'aunin ƙarfi ne, ana rubuta shi kN a jikin kaya, kuma guda ɗaya ya yi daidai da nauyin kilo 102 ko kusa da haka. Ke nan mutum ɗaya ya sauke wa maɗauri kimanin kilo 540 cikin ƙiftawar ido. Yadi mai miƙewa yana shanye wani ɓangare na fizgar, kuma mai koyo a gida ba za ta kai ƙwararru ba, amma ko zamewar hannu da zama da ƙarfi cikin yadi yana ninka nauyi.

Saboda haka gwanayen ɗauri ba sa aiki da lissafin daidai-wa-daida. Al'adar sana'ar ita ce duk abin da zai ɗauki mutum ya kasance ƙarfin karyewarsa ya ninka nauyin da ake sa ran zai ɗauka sau 10. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta gindaya cewa maɗaurin da zai tare ma'aikaci idan ya faɗo daga gini ya iya jure fam 5,000, kimanin kilo 2,270, ga mutum ɗaya. Ba don 'yan sarkas aka rubuta dokar ba, amma da yawansu da ita suke auna maɗaurinsu. A ajiye waɗannan alƙaluman kusa da faifan roba da ke tokare da rufi, a ga tazarar.

Jan gefe, inda sandar matsi ke kasawa

Ƙarfen sandar da wuya ya karye. Matsalar tana inda ta haɗu da ginin.

Mai rawa da ke juyi a tsakiyar sanda ita ma tana jan ta gefe, amma jan yana rabuwa: wani ya sauka a faifan ƙasa, wani a na sama. Yadin da aka ɗaura a can ƙololuwa kuwa, kusan duk jan gefensa a faifan sama yake sauka. Kuma faifan saman shi ne mai rauni, domin nauyin mutum ƙasa yake danna sandar: faifan ƙasa yana ƙara kamu, na sama yana ɗan sassautawa. Idan sandar ta ɗan lanƙwasa, ko daɓen katako ya ɗan lotsa, ko akwai kafet mai taushi a ƙasa, sassaucin ya ƙaru. Ke nan a daidai lokacin da ake buƙatar kamun faifan sama, a lokacin yake raguwa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan yadi ya karkata daga sanda da digiri 30, rabin ƙarfin da ke cikinsa jan gefe ne. In ƙarfin ya kai kilo 100, to kilo 50 ne ke ƙoƙarin zame faifan daga wurinsa. Digiri 30 kuma ba wani nisa ba ne: a ɗaki mai tsayin mita 2.5, taku biyu baya daga sanda ya isa. Duk wanda ya riƙe yadi a hannu, abin da jikinsa ke fara so shi ne ya ja baya ya yi lilo.

Sandar dandamali tata matsalar kifewa ce. Kanta a sake yake, don haka jan da aka yi a ƙololuwa yana da dogon hannu na ɗaga gindin daga ƙasa. Masu ƙera ta suna sayar da ƙarin nauyi da ƙafafun faɗaɗa gindi saboda irin wannan.

Akwai kuma bambancin da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi muni. Mai rawa a sanda, in ta ji sandar ta motsa, tana iya sakin hannu ta dira da ƙafa. Wadda yadi ya ɗaure wa ƙafa ko ƙugu ba ta da wannan damar. Tare da sandar za ta tafi, sau da yawa kai a ƙasa, ƙarfen kuma ya biyo ta. A sanda mai juyawa, yadin yana iya nannaɗe sandar ya haɗa da hannu ko ƙafa ya matse.

Ƙananan ƙarafan da ke tsakani

Tsakanin yadi da maɗauri akwai ƙarafa uku da aka saba gani. Akwai ƙarfe mai siffar lamba 8 da ake ɗaura yadin a jikinsa, akwai majuyi da ke hana yadi murɗewa, akwai karabina, wato zoben ƙarfe mai ƙofa da ke haɗa su. Karabinar hawan dutse ta gaske, bisa ƙa'idar Turai, tana jure aƙalla kilonyutan 20 idan an ja ta ta tsawonta ƙofa a rufe. Idan ta juya aka ja ta ta faɗinta, abin da ƙa'idar ta nema kilonyutan 7 ne kawai. Ƙarfe ɗaya, ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa don kawai ya kwanta a karkace.

Abin da ya faru a birnin Providence na jihar Rhode Island ranar 4 ga Mayun 2014 ya nuna haka a bainar jama'a. Mata takwas na sarkas ɗin Ringling Bros. suna rataye da gashin kansu a jikin wani firam, sai karabina ɗaya da ke ɗauke da komai ta karye. Suka faɗo tare da firam ɗin, suka ji munanan raunuka, har da wani ɗan wasa da ke ƙasa. Binciken OSHA ya gano cewa an ɗora wa karabinar nauyi ta fuska uku maimakon biyu da aka ƙera ta dominsu. Tarar da aka ci kamfanin dala 7,000 ce. Wannan babban kamfani ne mai ma'aikatan ɗauri na musamman.

Dalilin kawo wannan misali shi ne, ɗaurin gida a jikin sanda kusan kullum a karkace yake. An ƙera waɗannan ƙarafa don su rataya a sake, a ja su ƙasa a miƙe. A jikin sanda kuwa suna jingine da ƙarfe mai zagaye, ana danna su gefe. Masu ɗaura yadin kai tsaye a wuyan sanda, ko su zagaya igiya ƙarƙashin faifan sama, sun ƙara wani haɗarin: ɗaurin yana zamewa a ƙarfe mai sulɓi, kuma yana jan faifan kai tsaye.

A kan kaya na gaske akan ga ɗaya daga alamu biyu. MBS ƙarfin karyewa ne, WLL kuma iyakar nauyin aiki, wadda take ƙasa da shi nesa. Zoben da ba a buga masa ko ɗaya ba, irin na maƙala makulli, ba kayan ɗaukar mutum ba ne komai kyansa.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu tsaurin ra'ayi, galibi daga ɓangaren sarkas, suna cewa mai koyo ba ta da abin yi da kayan lilo a gida kwata-kwata, da sanda ko babu. Hujjarsu ta wuce ƙarfe: ɗauri ɗaya da aka juya ba daidai ba yana iya zama saki maimakon kamu, kuma bidiyo ba ya ganin kuskuren mai kallonsa. Raunin wannan matsayi shi ne bai hana kowa ba. Wadda aka ce mata a'a ba tare da bayani ba takan je ta ɗaura abinta a ɓoye.

Malaman yadi a jikin sanda suna tsakiya. A wurinsu wasan yana da kyau muddin an cika sharuɗɗa: maƙalin da kamfanin sandar ya ƙera don wannan sandar da wannan kaurin, sandar da aka ɗaure kanta da notuna ko dandamalin da kamfanin ya amince da shi a rubuce, jiki kusa da sanda, babu lilo mai nisa, babu faɗowa. Wannan matsayi ya fi dacewa da lissafin da aka yi a sama, domin kowane sharaɗi yana rage ko dai fizga ko jan gefe.

Kashi na uku su ne masu cewa sun yi shekaru suna yi a sandar matsi ba abin da ya faru. Ita ce hujjar da aka fi ji, kuma ita ce mafi rauni. Kamun roba ba ya ba da sanarwa. Yana riƙewa ɗari bisa ɗari har ranar da zafi ko sanyi ya ɗan sauya tsawon ƙarfe da katako, ko fizgar ta ɗara ta jiya kaɗan, sai ya saki gaba ɗaya.

Rufin ɗaki da tsayinsa

Ko an bar sanda an koma rataya yadi daga rufi, tambayar tana nan: mene ne a saman? Silin na kwali ko roba ko POP ado ne, ba ya ɗaukar mutum, kuma sandar matsi ma ba ta da abin tokarewa a jikinsa. Katakan da ke riƙe da silin an yanka su ne don ɗaukar silin. Ƙugiyar fanka da ke leƙowa daga rufin kankare, wadda ido ke fara sauka a kanta, don fanka aka dasa ta, kuma babu wanda ya san zurfin da birkila ya ba ta. Wanda zai iya cewa wannan wuri zai jure fizgar mutum injiniyan gine-gine ne da ya ga ginin da idonsa. Inda ba a samu haka ba, akwai firam mai ƙafafu da ke tsayawa da kansa, wanda shi ma sai an karanta takardarsa, domin da yawa daga ƙananan an yi su ne don motsa jiki a hankali, ba a yarda da faɗowa a kansu ba.

Tsayi ma ya raba gardama. Rufin gida galibi mita 2.4 zuwa 3 ne, wuraren koyar da yadin lilo kuwa suna neman mita 5 zuwa sama. A ɗakin gida babu filin da yadi zai warware ya cafke mutum kafin ya isa ƙasa. Gajartar ba kariya ba ce: faɗowa a kan wuya daga tsayin ƙugu ta isa ta taɓa laka. Siririyar katifar da ake zagaya sandar rawa da ita ba ta kai kaurin katifar wasan sama ba, wadda takan kai santimita 20 zuwa 30.

Abin da kan biyo baya

A Birtaniya, dokar kayan ɗaga nauyi ta 1998 ta wajabta a duba duk abin da ke ɗaga mutum a wurin aiki kowane wata 6. Dokar ba ta shiga falon kowa, don haka a gida mai wasan ita ce injiniya, ita ce mai dubawa. Idan abu ya lalace, kamfanin sanda yana da hujjar zare hannunsa matuƙar an yi amfani da ita saɓanin takardarta, kamfanin inshora ma haka, mai gidan haya kuma zai nemi kuɗin rufinsa.

Ga wadda ta cika sharuɗɗan, sauran aikin na kullum ne. Kafin kowane hawa a girgiza sandar a duba notunan maƙali, a bi yadin da hannu daga sama zuwa ƙasa ana neman huji ko wurin da ya ƙone da guga, a tabbatar ƙofar karabina a kulle take. Zobe da agogo da zif suna yaga yadi, a cire su. Sabon ɗauri a koye shi gaban malama, a maimaita shi ƙafa tana taɓa ƙasa kafin a ɗaga shi sama. Ba a hawa in babu wani babba a gidan, kuma ya san yadda zai ɗaga mutum ya sassauta yadin, domin wadda ta maƙale kai a ƙasa ba ta iya kwance kanta, wayarta kuma tana can kan kujera. In an gama a sauke yadin a naɗe a ɓoye, musamman a gidan da ke da yara, domin madaukin da aka bari a rataye daidai wuyan ƙaramin yaro yake tsayawa.